Daga Shinjuku Zuwa Tafkin Motosu: Yadda Na Bi Dutsen Fuji Har Na Gan Shi a Cikin Ruwa

Shirin zuwa tafkunan Fuji tun a Abuja ya fara. Cikin takardun da ofishin jakadancin Japan ke nema ga mai son biza akwai wadda ake rubuta jadawalin zama: ranar kaza ina wuri kaza, zan kwana a masauki kaza, ga lambar wayarsu. Taron da ya kai ni ƙasar ya cinye mafi yawan layukan, saura ƙarshen mako babu komai, kuma ba a barin gurbi fili. Na rubuta Kawaguchiko, garin da ke bakin tafkin Kawaguchi a gindin dutsen Fuji. Rubuta sunan ya tilasta mini neman masauki na gaske in kama ɗaki, don haka na kira ƙanin matata da ke karatu a wata jami'a a Tokiyo.

Ban gama bayani ba ya katse ni. "Yaya, in dai dutsen kake son gani a cikin ruwa, kwana za mu yi. Masu zuwa da hantsi su koma da yamma, da yawansu gajimare kawai suke ɗauka a hoto."

Ya ce na ci sa'ar wata, domin ƙarshen Nuwamba ne. A wurinmu hunturu ne ke kawo hazo har mutum ya tsaya a Kano bai hango Goron Dutse ba. A can akasin haka ne. Lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, iska cike take da danshi, dutsen sai ya yi kwanaki a lulluɓe. Da sanyi ya shigo sama take washewa, dusar ƙanƙara kuma ta rufe masa kai. Matsalar ita ce lokacin hawan dutsen, daga Yuli zuwa farkon Satumba, shi ne lokacin da aka fi rasa ganinsa daga ƙasa. Mai son hawa da mai son kallo ba wata ɗaya za su zo ba.

Tafkunan biyar ne, duka a lardin Yamanashi, sun yi wa dutsen rabin zobe ta arewa: Yamanaka, Kawaguchi, Sai, Shoji da Motosu. Babu ɗaya cikinsu da ya kama ƙafar Biwa, babban tafkin ƙasar da ke kusa da Kyoto, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 670. Ba girma ke kawo mutane nan ba. Dutse ne mai tsawon mita 3,776 tsaye shi kaɗai, babu wani a kusa da zai tare shi, ga kuma ruwa a gindinsa. Kawaguchi ya fi sauƙin kaiwa saboda a nan layin dogo ya ƙare, a nan kuma masaukai suka taru, shi ya sa kusan kowa daga nan yake farawa.

Hanya biyu ce daga Tokiyo. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga unguwar Shinjuku kai tsaye, wanda aka fara a 2019, amma kujerunsa kaɗan ne, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na mota. Wanda bai samu ba sai ya hau jirgi zuwa Otsuki ya canja zuwa layin Fujikyu. A nan akwai abin da baƙi ke tuntuɓe da shi: layin Fujikyu na wani kamfani ne daban, don haka katin nan na kamfanin jiragen ƙasa na JR da masu yawon buɗe ido ke saya bai ɗauke kuɗin wannan yankin ba, sai an ƙara biya. Mu motar bas muka zaɓa daga babbar tashar Shinjuku, ɗan sama da yen 2,000 kowane mutum, tafiyar kusan awa biyu. Ta intanet ake kama kujera, ana zaɓar lamba kamar a jirgin sama. Yaron ya nace mu kama ta dawowa a lokaci guda, har da sa'ar tashi.

Daren Juma'a ya nuna mini wata dabara. Akwai kyamarori da aka kafa a bakin tafkunan suna watsa hoton dutsen kai tsaye a intanet, dare da rana. Mutanen Tokiyo da suka san kan abin ba sa dogara da hasashen yanayi kaɗai; kyamara suke buɗewa da asuba, in sun ga dutse su fito, in sun ga fari fat su koma barci. Mu da muka riga muka biya kuɗin ɗaki ba mu da wannan zaɓin, amma dai mun duba da safe kafin mu fita. Yana nan tsaye, babu ko ɗigon gajimare.

Motar ta tashi a kan minti. Bayan an fita daga gine-ginen Tokiyo sai hanya ta shiga tsaunuka, rami bayan rami. Can bayan Otsuki aka sha wata kwana, sai ga shi ya cika gilashi. Duk motar ta ɗauki ƙarar wayoyi. Wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke gefenmu ko kai ba ta ɗaga ba.

Tashar Kawaguchiko ƙarama ce, ginin katako, kuma jama'ar da ke zuba cikinta sun fi ƙarfinta. Garin gaba ɗaya mutanensa ba su wuce 26,000 da 'yan kai ba, alhali a 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan, kuma da wuya ka samu wanda Fuji ba ya cikin lissafinsa. 'Yan taku kaɗan daga tashar akwai wani kantin sayar da kayan masarufi da ya yi suna a duniya ba don kayansa ba, sai don in ka tsaya a tsallaken titi za ka ga kamar dutsen a kan rufinsa yake zaune. Mutane suka riƙa cika gefen titin, suna tsallakawa ba tare da duba mota ba, suna tare ƙofar wani asibitin haƙori, suna zubar da shara. A watan Mayun 2024 hukumar garin ta gaji, ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5 don toshe kallon. An sauke shi a watan Agusta saboda guguwa da ke tafe. Da muka wuce akwai masu gadi suna ta kaɗa hannu suna mayar da mutane kan layi. Ni dai ina bayan mutanen garin. Ga tafki guda a ƙasa, tafiyar minti goma sha, kyauta, amma mutum ya taso daga wata nahiya ya zo ya tsaya a bakin kanti saboda wani ya sa hoton a Instagram.

Mun ajiye jakunkuna a akwatunan ajiya na tasha, muka sayi tikitin kwana biyu na motocin zagaye. Layi uku ne, da launi ake gane su: ja yana bin gaɓar Kawaguchi, kore yana zagaya Sai, shuɗi kuma shi ne mai nisa, har Shoji da Motosu. Ja yana zuwa a kai a kai amma a cike. Shuɗi sau 'yan kaɗan ne a yini, wanda ya kuskure masa sai ya yi zaman jira mai tsawo. Yaron ya ɗauki hoton jadawalin da wayarsa. Ya kuma sa na ciri tsabar kuɗi, domin in aka bar cikin gari akwai wuraren da kati ba ya aiki.

Kafin azahar abin da ya faɗa ya tabbata. Gajimare ya taso daga bayan dutsen, ya fara da ƙugunsa, ya haura har ya shafe shi duka. Motocin 'yan yini ɗaya kuwa a lokacin suke ta sauke mutane. Muka bar musu Kawaguchi muka hau kore zuwa Sai.

Tafkin Sai bai da hayaniya, kuma a nan na fi daɗewa da tunani. A gefensa na yamma akwai ƙauyen Nenba, gidaje masu rufin ciyawa mai kauri. Ba na asali ba ne. A watan Satumban 1966 wata guguwa ta kawo ruwan sama mai yawa, tsaunin da ke bayan ƙauyen ya zabtaro da laka da duwatsu ya binne shi, mutane da dama suka rasu, waɗanda suka tsira suka koma wani wuri. Bayan shekaru 40 aka sake gina gidaje kimanin 20 a kan tsohon fasali, aka mai da su wurin sana'ar hannu da kayan tarihi. Yawancin masu shiga hayar kaya suke yi su sa su ɗauki hoto. Ɗakin da aka ajiye hotunan bala'in kuwa mu kaɗai ne a ciki.

Labarin kifin tafkin ya fi ba ni mamaki. Akwai wani kifi da ake kira kunimasu, wanda a duk duniya a tafkin Tazawa kaɗai yake, can arewa a lardin Akita. Tazawa shi ne mafi zurfi a ƙasar, mita 423. A 1940 aka karkato da wani kogi mai ruwan tsami zuwa cikinsa don samar da wutar lantarki, kifin ya ƙare ƙarƙaf, aka sa shi cikin jerin halittun da suka shuɗe. Ashe a 1935 an taɓa aiko da ƙwansa zuwa Sai, aka zuba, aka manta. Shekaru 75 yana can ƙasan ruwa yana hayayyafa, masunta suna kama shi suna ɗauka wani baƙin nau'i ne na kifin da suka saba da shi, sai a 2010 Farfesa Tetsuji Nakabo na Jami'ar Kyoto da abokan aikinsa suka tabbatar shi ne. Akwai ɗan gidan nuni kusa da tafkin inda ake ganinsa a cikin gilashi. Kifi ne baƙi-baƙi, ba shi da wani kyau, da a kasuwa na gan shi ba zan taya ba.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi. Masaukinmu a gaɓar arewa yake, kuma da gangan muka zaɓe shi, domin dutsen yana kudu da tafkin. Wanda ya kwana a gaɓar kudu, kusa da tasha, ya juya wa abin kallon baya. Irin masaukin gargajiya ne: a cire takalmi a bakin ƙofa, a ba ka silifa, a sake cire silifar kafin ka taka tabarmar ɗaki, akwai kuma wata silifar daban ta banɗaki wadda ba a fitowa da ita. Babu gado, katifa ake shimfiɗawa a ƙasa da dare. Ga mai salla ɗakin ya yi daidai, tsaf-tsaf, babu inda takalmi ya taɓa. Da na miƙe zan tayar da magariba jikina gabas yake nema, yaron ya yi dariya ya juya ni. Daga Japan alƙibla yamma take, an ɗan karkata arewa.

Matar da ke kula da gidan ta nuna mana wurin wankan ruwan zafi, abin da Japanawa da yawa ke zuwa yankin dominsa. Na gama-gari ne, maza daban mata daban, kuma ba a shiga da ko ɗan kamfai. Yaron ya riga ya san ba zan yi ba, ya tambaye ta ko akwai na keɓe. Akwai, ana kama shi na wani ɗan lokaci a ƙara kuɗi kaɗan. Sai an yi wanka da sabulu an ɗauraye tas a waje kafin a shiga kwamin, domin shi na jiƙa jiki ne kawai.

Abinci sai da tambaya. Abin da Yamanashi ta shahara da shi shi ne hoto, taliya mai faɗi da kauri da ake dafawa cikin tukunyar ƙarfe da kabewa da ganyaye a romon miso, wata irin daddawar waken soya. A ido babu abin ƙi, amma wasu gidajen suna sa naman alade, wasu kuma suna ɗiga giyar girki a romon. Yaron ya tsaya ya yi ta magana da mai gidan abincin har aka shiga kicin aka tambayo, aka dawo aka ce na ganye zalla ne, romon kuma na kifi. An kawo shi yana tafasa, tukunya guda ga kowane mutum. Ban iya cinye tawa ba.

"Yaya, da sanyin safiya ake kama fara," in ji shi, yana saita agogon waya.

Mun yi asuba wajen ƙarfe biyar, muka fita cikin duhu da rigunan sanyi bibbiyu da safar hannu. Ciyawa ta daskare, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ina taƙama mun yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana: tsofaffi ne jere a bakin ruwa kusa da babbar gada, kowa da kyamararsa a kan ƙafafu uku, da butar shayi, babu mai magana. Suka ɗan matsa suka ba mu wuri.

Da farko baƙin abu ne kawai ya tare taurari. Sannan gefen sama ya fara haske, siffarsa ta fito. Kafin rana ta iso gare mu ta riga ta taɓa ƙanƙarar da ke kansa, ta yi ja-ja, jan yana saukowa a hankali. Sai yaron ya taɓa ni ya nuna ƙasa. Ga dutse na biyu a cikin ruwa, kansa a ƙasa, kowane layin ƙanƙara ya fito, har fitilun gidajen tsallake. Na ce Subhanallah, na sake faɗa. Tsohon da ke kusa da ni ya dube ni ya gyaɗa kai, ya koma kan kyamararsa.

Abubuwa uku ne sai sun haɗu kafin a samu wannan: sama babu gajimare, iska a kwance, ruwa kuma babu mai motsa shi. Da dare ƙasa ta huce, iska ta lafa. Da zarar rana ta fara ɗumama gangaren tsaunuka iska sai ta motsa, fuskar ruwa ta yamutse. Ban da haka ga masunta. Ba a jima da fitowar rana ba wani ya tayar da injin kwale-kwalensa can nesa, igiyar ruwan ta yi ta tahowa har ta iso gabanmu ta karya hoton gutsi-gutsi. Tsofaffin suka fara naɗe kaya. Dutsen na sama yana nan garau, na ƙasa kuwa ya tafi ke nan sai wata safiyar. Motar farko daga Tokiyo ko isowa ba ta yi ba.

Muka karya a gurguje muka tari shuɗi. Hanyar ta ratsa dajin Aokigahara, inda saiwoyin bishiyoyi ke kwance a sarari a kan baƙin dutse saboda babu ƙasar da za su nutsa. Wannan baƙin dutsen shi ne asalin yadda tafkunan suka kasance. A shekara ta 864 Fuji ya yi aman wuta ta gefensa na arewa maso yamma, narkakken dutse ya gangaro ya faɗa cikin wani babban tafki da ke wurin, ya cike tsakiyarsa. Abin da ya rage a gefe da gefe shi ne Sai da Shoji. Har yau Sai da Shoji da Motosu tsayin fuskar ruwansu ɗaya ne, kimanin mita 900 daga teku, tare suke ƙaruwa tare suke raguwa, abin da ya sa masana ke ganin ruwan yana ratsawa ta ƙarƙashin dutsen. Aman wutarsa na ƙarshe a 1707 ne, kuma har yanzu ba a cire shi daga jerin masu rai ba. Shoji ɗan ƙarami ne, ta taga muka gan shi muka wuce.

Motosu ne ƙarshen layi, kuma shi ne mafi zurfi cikin biyar ɗin, ya haura mita 120. Ruwansa shuɗi ne mai duhu, ba irin na Kawaguchi ba. Inda mota ke ajiye mutane ba a ganin komai. Sai an bi gaɓa da ƙafa kusan awa guda zuwa gefen arewa maso yamma, inda masu kwana a tanti ke kafa sansani. Daga nan akwai 'yar siririyar hanya da ke hawa tsauni zuwa Nakanokura, rabin awa ga mai ƙarfi. Ni na fi haka, ina hawa ina tsayawa, yaron yana gaba yana cewa, "Saura kaɗan, Yaya," tun ina yarda har na daina.

A sama akwai dandamalin katako. Ya zaro tsohuwar takardar yen 1,000 daga aljihu ya ɗaga ta a gaban idona. Zanen da ke bayanta shi ne abin da ke gabanmu: dutsen, tafkin, da tsaunin da ya shigo ta gefe. Daga hoton da Okada Koyo ya ɗauka a wannan wurin a 1935 aka zana shi, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗaukar Fuji. Sabuwar takardar da aka fitar a watan Yulin 2024 ta sauya zane, amma tsohuwar tana yawo har yanzu. A takarda akwai dutse na biyu cikin ruwa; a gabanmu iska ta riga ta tashi, babu shi. An ce a Motosu da wuya a same shi ko da asuba. Duk da haka in za a ce in zaɓi wuri ɗaya cikin duk inda muka taka, nan zan zaɓa. Mu da wasu mutum biyu ne kawai a kan dandamalin.

Yamanaka, wanda ya fi su girma, ba mu je ba. Yana can gabas, kuma masu zuwa lokacin sanyi faɗuwar rana suke bi, domin daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu akwai wuraren da rana ke sauka daidai kan ƙololuwar dutsen. Haka ma hasumiyar Chureito mai matakala kusan 400, wadda hotonta ke kan kowace takardar tallar Japan. Yaron ya ce ana bin layi kafin a samu tsayawa a dandamalinta, na ce ƙafafuna sun riga sun biya zakkar hawa.

Mun sauko a kan lokaci muka samu shuɗi na komawa, da sharar abincinmu a leda, domin babu kwandon shara a hanya, kowa da tasa yake tafiya. A tasha muka tarar da dogon layin waɗanda ba su kama kujerar dawowa ba, allon kuma yana nuna motocin yamma duk sun cika; sai dai su bi jirgi ta Otsuki, wataƙila a tsaye. Tamu ta tashi a kan minti kamar jiya, sai dai yammacin Lahadi ne, duk wanda ya fita hutu daga Tokiyo yana komawa ta babbar hanyar Chuo. Kafin ramin Kobotoke motoci suka tsaya cik, direba ya ɗauki lasifika ya ba da haƙuri, tafiyar awa biyu ta zama uku da wani abu. Muka yi sallolinmu a haɗe bayan mun sauka, yaron ya ruga don kada jirgin unguwarsu ya wuce shi, yana da lacca da safe.